A koya wa yara tsara insha'i kafin su ɗora biro

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a jaridarka in yi magana da 'yan uwana malaman sakandare da kuma iyaye, kan wani abu da ke cinye mana makin yara a WAEC da NECO kuma ya bi su har jami'a, wato rubutun insha'i.

Kullum in sakamako ya fito aka ga yara sun zube a Turanci sai kaji ana cewa ai ba su iya Turancin ba ne. Gaskiya ne akwai wannan, amma ni da nake koyarwa na ga yaran da Turancinsu ba laifi, suna fahimta suna magana, amma ka ba su tambaya ɗaya su rubuta shafi biyu sai ka rasa ina suka dosa. Matsalar ita ce ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu cewa kafin a fara rubutu ana tsarawa. Ana miƙa musu takarda kawai sai su kama rubutu tun daga minti na farko kamar ana korarsu, abin da ya zo kai shi ake zubawa, a tsakiya su tuna wani abu su cusa shi, a ƙarshe lokaci ya ƙare ba su rufe ba.

To a duba yadda WAEC ke raba maki hamsin na insha'in Turanci. Goma na abin da ka faɗa ne, goma na tsari, ashirin na yadda ka sarrafa harshe, goma kuma na kurakuran rubutu irin su haruffa da aya da waƙafi, inda kowane kuskure ake cire rabin maki har goman ta ƙare. Ana son kalmomi aƙalla 450, kuma ana ba da shawarar a yi shi cikin minti hamsin. Kaga ashirin daga ciki, na abin da ka faɗa da na tsari, yaro zai iya kamo mafi yawansu tun kafin ya rubuta jimlar farko, in dai ya san ya ware minti biyar zuwa goma ya yi tunani. Kuma wanda ya san inda ya dosa hatta jimlolinsa sun fi fita tsaf, saboda ba ya rubutu yana lalube.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi ba wani abin wahala ba ne. Su karanta tambayar sau biyu su ja layi ƙarƙashin abin da aka ce su yi da kuma wanda za su rubuta wa. In an ce ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa kan dalilai uku da ke sa yara barin makaranta da yadda za a magance, to uku aka ce, kuma an ce da magani, wasiƙa ce ta hukuma mai adireshi biyu da kanu da sa hannu da cikakken suna. Wallahi na sha ganin yaro ya cika shafi da dalilai shida masu kyau bai kawo magani ko ɗaya ba, ya bar rabin tambayar a ƙasa. Bayan nan a gefen takarda ya jera abubuwan da zai faɗa da kalma biyu-biyu, talauci, talla, nisan makaranta, kowanne ya sa misali ɗaya a gabansa, ya zaɓi wanda zai fara da shi. Ni har cewa nake su yi wannan jerin da Hausa in ta fi zo musu da sauri, tunani ai ba shi da yare, in sun gama su soke shi da layi ɗaya. Kowane abu a jerin nan sakin layi ɗaya ne, jimlar farko ta faɗi maganar, sauran su kawo hujja da misali, shikenan a sauka a kama na gaba.

Abin da ya fi damuna shi ne haddar insha'i. Wasu wuraren lesin suna ba yara rubutattun insha'i su haddace, sai yaro ya shiga jarabawa ya tarar tambayar ta ɗan karkace amma ya juye abin da ya haddace haka nan. Mai maki kuwa daga layi na uku ya gane. Ga kuma JAMB da ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, zaɓin amsa ne daga A zuwa D, to yaro na iya cin maki mai yawa ya shiga jami'a bai taɓa zama ya kare ra'ayinsa a shafi biyu ba. Can kuma a aji huɗu a ce ya kawo furojek mai babi biyar, daga gabatarwa zuwa bitar ayyukan magabata har sakamakon bincike, shi ya sa zakaga sun nufi shagon kwamfuta a sayar musu da na wani a canza suna, yanzu kuma ga ChatGPT ya zo, manhajar nan da ke rubuta wa mutum abin da ya nema. Wanda bai iya tsara sakin layi biyar ba ta yaya zai tsara babi biyar?

Na san ajinmu cike yake, malami ɗaya ba zai iya duba insha'in yara sama da ɗari duk mako ba, nima ina cikin wannan halin. Amma jerin tsarin nan layi biyar ne ko shida, ana dubawa a tsaye cikin aji. Ina kira ga shugabannin makarantu su ware darasi ɗaya a mako tun daga JS1 na wannan aikin kaɗai, a ba da tambaya, yara su tsara, biyu ko uku su fito allo su kare nasu, cikakken rubutun kuma a yi shi sau ɗaya a wata. Malaman Hausa ma su shigo ciki, don insha'in Hausa ma tsarin nan yake bi. Iyaye kuma in yaro ya kawo aikin gida ku ce ya fara faɗa muku da baki me zai rubuta, ko ba ku jin Turanci za ku gane in maganar ta haɗu.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin sakandare daga Funtuwa, Jihar Katsina