Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Motar Da Ke Tashi Ta Mutu

Mabera, Sakkwato.

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Mahaifiyarka ta faɗa mini cewa a-kori-kurar nan da kake jigilar albasa da ita takan tashi, ta ɗan yi aiki, sai ta mutu, har wani bakanike ya ce sai ka sayi sabuwar kafireta, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji. Kada ka saya tukuna. Peugeot 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna ba ta da wani ɓoyayyen ciwo: mai take so, da wuta, da iska. Kafireta ce kowa yake fara zargi don ita ake gani da an buɗe bonet, amma sau da yawa barin jaki ake yi ana dukan taiki.

Kafin ka ɗauki sufana, ka tayar da ita ka saurara. Tsawon lokacin da take yi kafin ta mutu, da yadda take mutuwar, su ne za su nuna maka inda za ka duba.

In ta kama da kyau, ta yi kamar rabin minti ko minti guda, sannan ta fara shaƙewa tana ja da baya har ta tsaya, to yunwar mai ce. A cikin kafireta akwai ɗan kofi da ke riƙe fetur kaɗan. Da shi motar ke tashi, in ya ƙare kuma wani bai iso ba, dole ta mutu. Da ta mutu sai ka cire matatar iska, ka leƙa maƙogwaron kafiretar, wani ya taka maka totur. Ya kamata ka ga fetur ya yi tsartuwa siriri. In ba ka gani ba, kofin ya bushe, sai ka bi hanyar mai da baya. Cire tiyon da ke shiga kafireta, ka sa bakinsa cikin kwalba mai haske, a buga sitata. Famfon da ke jawo mai daga tanki, in yana da lafiya, yana tunkuɗo shi da ƙarfi, bul, bul. In ɗigo yake yi, ka canja filta, domin ita ce mafi arha kuma ita ke fara toshewa. In ba ta canja zane ba, famfon ne. Ka zaro sandar awon baƙin mai ka shinshina: ƙanshin fetur a jikinta alama ce robar cikin famfon ta yage.

Kwalbar nan kada ka yi saurin zubar da ita. Ajiye ta ta kwanta. In ka ga ruwa ya taru a ƙasa, ko jan gari na tsatsa, to tanki ne ke buƙatar wanki. Na san a hanyar Illela wani lokaci sai man 'yan bumburutu ake samu, amma ka riƙa tace shi da ƙyalle mai tsabta, don ba kowace jarka ce ake rufewa ba. Ka kuma buɗe murfin tanki da zarar ta mutu. In ka ji ya ja iska, fuu, ƙofar numfashin tankin ce ta toshe, famfo kuwa ba ya iya jan mai daga tankin da iska ba ta shigarsa.

In kuma motar tana aiki muddin ƙafarka na kan totur, da ka ɗaga ta mutu, wannan maganar silo ce, wato aikin inji a hankali ba tare da an taka totur ba. Jet ɗin silo, ɗan bututun cikin kafireta da ke ba inji mai a lokacin, ƙofarsa ƙarama ce ƙwarai, ƙurar hunturun nan tamu kaɗai ta isa ta toshe shi. Kwance shi, ka wanke da fetur, ka hura da iskar famfon taya, ka ɗaga shi sama sai ka hango haske ta ciki. Ina roƙonka kada ka bari a zura masa waya ko allura. Tagulla ce, tana da laushi, in ƙofar ta buɗe motar za ta riƙa shan mai har ka gaji da ita. Ka duba tiyon da ke zuwa birki da gasket ɗin gindin kafireta, domin iskar da ke satar hanya ta nan ita ma tana kashe silo.

Baƙin hayaƙi a salansa da warin ɗanyen fetur kuwa, mai ne ya yi yawa. Ciro fulogi ɗaya: in ya jiƙe ya yi baƙi, ko cok mai rage iska lokacin tayar da inji ya maƙale a rufe, ko fulot mai tsayar da mai in kofin kafireta ya cika ya huje ya nutse.

Saura wadda ke mutuwa farat ɗaya ba tare da shaƙewa ba, bayan inji ya ɗauki zafi, ta ƙi tashi sai ta huce. Wannan matsalar wutar fulogi ce. Taɓa koyil, in ya fi ƙarfin hannu ka zarge shi, shi da kwandensa. Ka duba kwantak ko ya ƙone, tazarar bakinsa kuma milimita 0.4 ce. Amma a zafin bazara, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, fetur kan tafasa a cikin bututu ya zama tururi, famfo ya kasa turawa. Jiƙa tsumma ka ɗora a kan famfon. In ta tashi, ka gane ciwon, sai a nisanta bututun daga zafin inji.

Abin da ya fi damuna shi ne gobara. Kada ka tsiyaya fetur a bakin kafireta fuskarka na kai ana buga sitata, domin takan yi aman wuta. Kada ka zuƙi mai da baki, kada kuma ka yarda a ɗaura maka galan a saman mota a jona tiyo ka hau titi da kaya. A fili za ka yi aikin, da bokitin yashi kusa, ba mai sigari a wurin.

In ka gwada, ka kira ni bayan Isha'i ka faɗa mini abin da ka gani a kwalbar da kuma launin fulogin, sai mu san abin da za a saya. Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka, ya tsare hanya.

Mahaifinka.