Malam Edita, a ɗan leƙa mana masu tseren teku

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari, da fatan kai da ma'aikata kuna lafiya. Ɗan fili nake roƙo in yi ƙorafi akan shafinku na wasanni, kullum ƙwallo ƙwallo, in an sauya sai dambe, alhali akwai wasu mutane da sana'arsu kenan tseren jirgin ruwa a tsakiyar teku kuma ban taɓa ganin ko layi ɗaya akansu ba. Ni ta bidiyoyin da suke turowa daga cikin jirgi na fara bin su, da farko nace waɗannan ai ba lafiya ba, daga baya da na gane yanda abun yake sai bakina ya mutu.

Babbar gasarsu sunanta Vendée Globe, a 1989 aka fara ta, tun 1992 kuma duk bayan shekara 4 ake yi, ana tashi daga wani gari a Faransa wai shi Les Sables d'Olonne a zagaye duniya a dawo nan ɗin. Mutum ɗaya tal a jirgi mai tsawon mita 18, ba tsayawa a wata gaɓa, ba wanda zai miƙo maka ko ƙusa, kuma iska ce kawai ke tura jirgin ta manyan ƙyallaye da ake ɗaurawa a wata doguwar falwaya, injin yana nan amma an sa masa hatimi sai dai ka yi cajin batir da shi. Za ka gangara Atlantika ka wuce ƙasan Afirka ta Kudu, ka bi ƙasan Ostireliya, ka zagayo Cape Horn a ƙarshen Kudancin Amurka, wajen kilomita 45,000. Akwai wani wuri da suke ratsawa a tekun Fasifik inda in ka cire abokan tseren, mutanen da suka fi kusa da kai su ne 'yan sama jannatin da ke tashar sararin samaniya. Barci kuwa minti 20 ne a farka a duba, abinci busasshe ne ake zuba masa ruwan zafi, ruwan sha ma daga na gishiri inji ke tacewa.

To amma abun da yasa na ɗauko alƙalami, mutane in sun ji sai su ce wasan masu kuɗi ne, wanda ya ƙoshi ne ya rasa abun yi. Jiragen kam miliyoyin yuro ne ba musu, sai dai yawancin matuƙan ba nasu bane, na kamfanonin da suka ɗau nauyi ne, shi yasa zaka ga jirgi da sunan banki ko kamfanin inshora. Shi matuƙi rabin rayuwarsa a ofis ofis take ƙarewa yana lallashin manajoji, sauran rabin a garejin jiragen ruwa da gam da sufana a hannu. Ku dubi Ellen MacArthur 'yar Ingila, a Derbyshire ta taso inda ba teku ko kusa, kuɗin abincin makaranta ta dinga tarawa har ta sayi ɗan ƙaramin kwale-kwalenta na farko, a 1997 ta tsallaka Atlantika a gasar Mini Transat da jirgi mai mita 6.5, a 2001 tana shekara 24 ta zo ta biyu a Vendée Globe, a 2005 kuma ta kafa tarihin zagaye duniya ita kaɗai cikin kwana 71. Haka tsanin yake ga yawancinsu, daga Mini sai gasar Figaro inda kowa jirginsa iri ɗaya ne ba mai cewa kayan aiki aka fi shi, in ka yi suna a nan ne wani kamfani zai yarda ya damƙa maka babban jirgi, kuma shekaru ake kwashewa.

Kuma ko ka hau ba tabbas. Clarisse Crémer ta gama zagayen 2021 cikin kwana 87, a lokacin ba macen da ta taɓa yin sauri haka a gasar, ta haihu a 2022, farkon 2023 masu ɗaukar nauyinta suka sallame ta don suna tsoron hutun haihuwa ya sa ba za ta tara milolin tseren da ake buƙata don shiga gasa ta gaba ba. Aka yi ta surutu a Faransa, ƙarshe wani kamfanin ya ɗauke ta ta shiga ta 2024 ta gama. Gaskiya wannan ya min ciwo, dokar da za ta hukunta mace don ta haihu ai sai a sake duba ta.

Sannan a teku kai ne bakanike, kai ne tela in ƙyalle ya yage, kai ne mai gyaran wuta, kai ne likita. A gasar 1992 zuwa 1993 Bertrand de Broc harshensa ya tsage, da kansa ya ɗinke abunsa yana kallon madubi likita na turo masa bayani daga Faransa, kai jama'a. Wasu kuma basu dawo ba, Gerry Roufs ɗan Kanada a Janairun 1997 ya ɓace a kudancin Fasifik.

Amma labarin da nafi so ku buga shine na 2020. Ran 30 ga Nuwamba jirgin Kevin Escoffier ya daki igiyar ruwa ya karye gida biyu, ɗaruruwan mil daga Cape Town, da ƙyar ya samu ya tura saƙo cewa yana nutsewa ya faɗa ɗan kwale-kwalen roba na ceto. Wanda yafi kusa dashi wani dattijo ne Jean Le Cam mai shekara 61, ya bar tseren ya juya, ya hango shi, kafin ya gama daidaita jirgi igiyar ruwa da duhu suka raba su, aka ƙara turo wasu matuƙa uku suna ta lalube cikin dare, sai bayan awa 11 da wani abu Le Cam ya hango 'yar fitila ya jawo shi. Abun mamaki shi kansa Le Cam ɗin a 2009 jirginsa ya kife kusa da Cape Horn, Vincent Riou ne ya ciro shi, kuma kamfanin da ya ɗau nauyin Riou a lokacin, PRB, shine dai ya ɗau nauyin Escoffier. An ce alheri danƙo ne, to ga shi nan a tsakiyar teku.

Ka'ida ce duk wanda ya bar hanya don ceto a mayar masa da lokacinsa. Shi yasa a Janairun 2021 Charlie Dalin ne ya fara isowa amma bai ci ba, Yannick Bestaven da ya iso na uku aka cire masa awa 10 da minti 15 na neman Escoffier, sai ya wuce Dalin da awa biyu da rabi, bayan kwana 80 a ruwa fa. Ku faɗa min a ƙwallo wa zai haɗiye wannan ba a ƙona fili ba? Dalin ya haɗiye, dama injiniyan zanen jiragen ruwa ne, ya koma aka ƙera masa sabo, Nuwamban 2024 suka tashi su 40 ya dawo ran 14 ga Janairun 2025 cikin kwana 64 da awa 19, ya zaftare sama da kwana 9 daga tarihin Armel Le Cléac'h na 2017. Sai a Oktoban 2025 ya fito ya faɗa cewa tun ƙarshen 2023 aka gano yana da ciwon daji a hanji, da ƙwayoyin magani ya yi duk zagayen nan ba wanda ya sani sai na jikinsa. Kyautar ta ɗaya kuwa yuro 200,000 ce, abun da wasu 'yan ƙwallon Turai ke ɗauka a sati.

In ka tuna Robin Knox-Johnston a 1969 kwana 312 ya yi kafin ya zama na farko da ya zagaye duniya shi kaɗai ba tsayawa, su 9 suka tashi a wata gasar daban shi kaɗai ya gama, zaka ga irin nisan da aka yi.

Don Allah Malam Edita ko rabin shafi ne a basu, Vendée Globe ta gaba a Nuwamban 2028 ce, akwai isasshen lokaci ku sa wani cikin yaranku ya fara bibiya tun yanzu.

Naku kullum,
Mai karanta jaridarku