Wasiƙa daga Tawa kan karbiraton CG125

Zuwa ga aminina Malam Issufu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, cewa tsohuwar Honda CG125 ta Baba tana ɗigar mai, kuma ba ta riƙe ralanti, wato aikin inji a hankali ba a ba shi wuta ba, abin da makanikan Kano ke ce wa silo. Don Allah kada ka yarda a canza maka karbiraton Keihin na asali da na kasuwa mai arha. Tun 1975 Honda ke ƙera wannan moto, kuma karbiratonsa gyaruwa yake. Kada kuma ka taɓa sukurorin saiti sai yoyon ya tsaya, domin in mai ya wuce iyakarsa cikin kwanon da ke ƙasan karbirato, duk saitin da ka yi aikin banza ne.

Fara da gano inda man ke fita. Share karbiraton ya bushe, ka buɗe famfon tanki, ka zuba ido. In gefen kwano ne ke jiƙa, robar bakinsa ta bushe, sai sabuwa. Kada ka shafa mata gam, fetur zai narke shi ya toshe ramuka. In kuwa ta siririn tiyon ƙasa yake zuba, ka fara ƙara ɗaure sukurun zubar da mai, don shi ma ta nan yake fitarwa. Bai tsaya ba? To, allurar da ke rufe mai ce.

Cikin kwanon akwai fulota da ke iyo. Mai ya cika, ta taso ta tura allura ta rufe ƙofa. Ƙwayar rairayi guda ta isa ta hana ta rufuwa, ga shi kuwa man kwalba na bakin titi da tsatsar tsohon tanki ba sa rasa datti. Rufe famfo, kwance kwano, ka danna sukudireba sosai kafin ka juya, kawunan sukurorin Japan saurin cinyewa gare su. Zare sandar fulota, ka ɗaga allurar wajen haske. In ka ga zobe ya fito kewaye da bakinta, ta ci, wanki ba ya maganinta. Ɗan tsinken gindinta ma ka danna shi, ya kamata ya dawo da kansa. Fulotar tagulla ka girgiza ta kusa da kunne, in ka ji motsin ruwa ta huje. Tsoma ta cikin ruwan zafi, kumfa zai nuna maka wurin. Akwai abin da makanikai da yawa ke tsallakewa: bututun tagullan da ke tsaye cikin kwano yakan tsage a tsaye. Cika kwanon da fetur a hannunka, kada ya kai bakin bututun. Ya ɗiga ta ƙasa, tsagewa ce, a like ta da dalma.

Kafin ka tada inji, zaro sandar awon baƙin mai ka sunsuna. In da warin fetur, ya gangara cikin inji ke nan, ka juye ka zuba sabo.

Ralanti kuma, ƙaramar jigla, wato ɗan bututu mai rami da mai ke bi cikin karbirato, ke ciyar da shi, kuma raminta bai kai rabin milimita ba. Moton da ke tashi da cok ya mutu da zarar an saki, ita ce ta toshe. Ciro ta, jiƙa ta, busa mata iska har ka hangi haske ta ciki. Kada a zura mata wayar ƙarfe ko allurar ɗinki, faɗaɗa ramin za a yi, moton ya koma shan mai har abada. In kuwa ka ba da wuta ka saki, injin ya daɗe sama kafin ya sauko, iska yake sata ta mahaɗin karbirato da kan inji, ko kuma wayar totur ta ɗaure. A bar mata sakin milimita 2 zuwa 6 a hannu. Soson iska ma ka wanke, ƙurar hunturu na shaƙe shi, buji, wato fulogi, ya yi baƙi ƙirin. Tazarar bakin buji milimita 0.6 zuwa 0.7, ta supap, wato bawul ɗin kan inji, kuwa 0.08, a auna da inji sanyi, alamar T ta jikin faifan da ke juyawa a gefen inji na kan layi, supap biyun a rufe. Supap da ta matse tana kashe ralanti in inji ya yi zafi, a yi ta zargin karbirato.

Sai yanzu saiti. Murza sukurun haɗin mai da iska ciki a hankali har ya taɓa, ban da matsewa, tsininsa karyewa yake. Dawo da shi juyi ɗaya da rabi. Yi tafiyar minti 10 injin ya ɗumama, ka riƙa juya sukurun kwata-kwatan juyi kana saurare, ka bar shi inda muryar ta fi tashi da daidaito. In sukurun yana ɓangaren inji, fito da shi ƙara mai ne. In yana ɓangaren soson iska, ƙara iska ne. Sannan ka saukar da ralanti da babban sukurun gefe zuwa wajen juyi 1,400 a minti. In sai ka fito da sukurun haɗin fiye da juyi uku kafin ya daidaita, jiglar ba ta wanku ba, koma mata.

Sa ƴar matatar mai a tiyon tanki, kuma duk dare a rufe famfo. Ka aiko mini hoton allurar da lambar da ke jikin karbiraton, in duba maka irinta. Gaida Baba da Hajiya, da yara duka.

Naka,
Abdu