Wasiƙa zuwa ga Malam Bashir a Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali da mutanen Zango baki ɗaya. Mu nan sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, na kuma ga damuwarka a kan Maryam, da ta nace sai ta karanci ilimin ƙananan halittu a jami'a, kai kuwa kana ganin karatun ƙwayoyin cuta ne kawai. Aminina, don Allah ka bar yarinyar nan ta yi. Da yawa daga cikin halittun nan da ido ba ya gani alheri ne gare mu. Su ke sa madara ta kama ta zama kindirmo, su ke nuna kalwa ta zama daddawa.

Ka tuna makantar rafi, wadda cizon baƙin ƙuda ke jawowa a ƙauyukan bakin kogi, ta hanyar sa wa mutum wata tsutsa a jiki? Mutum ya yi ta susa har fatarsa ta yi kaushi, daga baya ido ya tafi, yaro na jan babba da sanda. Maganinta daga ƙasa aka samo shi. Wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, ya ɗebo ƙasa a ƙasarsu a shekarun 1970, ya raini wata bakteriya, wato irin ƙananan halittun nan, da ke cikinta, ya aika Amurka. Can William Campbell da abokan aikinsa a kamfanin Merck suka gano tana fitar da sinadarin da ke kashe tsutsa. Da fari dabbobi ake ba. A 1987 kamfanin ya fara bayar da shi kyauta ga mutane da sunan Mectizan, Omura da Campbell kuma suka sami kyautar Nobel a 2015.

Na ga yadda ake rabonsa a ƙauye. Mai rabon ba shi da sikeli, sai doguwar sanda mai alamomi. Ka tsaya jikinta, ya duba tsayinka, ya ƙirga maka ƙwaya ɗaya zuwa huɗu, ka haɗiya a gabansa. Masu juna biyu da ƙananan yara ba a ba su. Dole a maimaita duk shekara, domin 'ya'yan tsutsar yake kashewa, uwar kuwa takan yi shekara goma ko fiye a jikin mutum. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ƙasa ta farko a Afirka. Wallahi da na ji, sai da na yi hamdala.

Abin da ke damuna shi ne, ƙasar fadamunmu da gonakinmu cike take da irin waɗannan halittu, masu bincikenta kuwa ba su da yawa. Shi ya sa nake goyon bayan Maryam. Ka ce ta rubuto mini sunan jami'ar da take so, mu duba tare.

Ka gaida Hajiya da yara. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Usman