Kafin a Sa Jirgin Balan-balan Ya Ɓace a Bayan Dutse

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana da marubuta labaran ƙirƙira, musamman masu gina gari a kan tsauni su ce ba a shigarsa sai da jirgin balan-balan, wato doguwar gangar nan da ake cika wa iska marar nauyi, a ɗaura mata inji da ɗakin fasinja a ƙasa. Irin wannan labari yakan zo da dokokin tashi da hukumar garin ta kafa, sannan da wani al'amari da ya ɗaure wa mutanen garin kai, ko jirgi ya ɓace, ko a riƙa ganin haske a kan dutse da dare. Inda ake tuntuɓe shi ne a ƙago dokokin da ka, alhali ba a san abin da ke riƙe da jirgin a sama ba. Wanda ya san lissafin, dokokin za su zo masa da kansu, asirin kuma ya fi kama hankalin mai karatu.

Jirgin nan iyo yake yi a cikin iska kamar gora a kan ruwa. A daidai matakin teku, mita 1 kubik na iska, wato cikin akwati mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi, yana da nauyin kilo 1.2 da ɗan ɗoriya. Idan aka maye gurbinsa da iskar hiliyom, zai ɗaga abin da ya ɗan haura kilo 1. Iskar haidurojin ta fi ƙarfi kaɗan, kamar kilo 1.1, amma tana kamawa da wuta, kuma kowa ya san ƙarshen Hindenburg, jirgin balan-balan na Jamus da ya ƙone a Lakehurst ta Amurka ranar 6 ga Mayu, 1937, inda mutum 36 suka rasu. To, a ce gangar jirgin garinku tana cin mita 10,000 kubik na hiliyom. A bakin teku za ta ɗaga kimanin kilo 10,500, kuma a cikin wannan ne za a cire nauyin gangar kanta da inji da mai da ma'aikata, abin da ya rage shi ne na fasinja da kaya.

Matsalar tsauni ita ce iska tana yin shara-shara idan an hau. A mita 2,000 kaurinta ya koma kusan kashi 82 cikin 100 na na bakin teku, a mita 3,000 kuwa kusan kashi 74. Hiliyom ɗin da ke cikin ganga yana kumbura yayin da jirgi ke hawa. Shi ya sa ake saka jakunkunan iska a cikin gangar, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A ƙasa suna cike da iskar da muke shaƙa, ana hawa suna sacewa suna ba hiliyom wuri, ana sauka kuma fanka tana sake hura su. Da zarar sun sace gaba ɗaya, jirgi ya kai iyakarsa. Idan ya ƙara sama, bawul zai buɗe ya zubar da hiliyom don kada gangar ta yage, kuma abin da ya fita ya fita ke nan. Saboda haka jirgin da zai haye mashigar dutse mai mita 3,000 dole a cika shi kashi 74 kawai tun daga ƙasa. Ƙarfinsa ya sauko zuwa wajen kilo 7,800. An yi asarar kilo 2,700, wato mutum 27 da jakunkunansu idan aka ƙiyasta kowa a kilo 100. Ga dokar farko ta garinku nan: tsayin mashigar da za a bi shi ke yanke yawan fasinja, kuma ba wanda ke shiga jirgi sai an ɗora shi a sikeli, ko da sarkin garin ne.

Wannan iyaka ba wasa ba ce. A watan Yuni 1910 guguwa ta cilla jirgin Deutschland sama a ƙasar Jamus, ya zubar da iskarsa, ya dawo da nauyi ya faɗa kan itatuwan tuddan Teutoburg. Jirgin Shenandoah na sojan ruwan Amurka ma hadari ne ya yi sama da shi a jihar Ohayo ranar 3 ga Satumba, 1925, ya karye, mutum 14 suka mutu.

Sai zafi da sanyi, kuma nan ne marubuta suka fi sakaci. Rana tana dumama hiliyom fiye da iskar waje. A jirgi mai girman wanda muka ambata, kowane digiri 1 na bambanci yana ƙara ƙarfin ɗagawa da kusan kilo 40. Jirgin da ya sha hantsi ya samu digiri 5 yana da rarar kilo 200, amma yana shiga inuwar dutse wannan rara za ta soma zagwanyewa, jirgi ya kama nitsewa. Maganinsa ruwan da ake ɗauka musamman don zubarwa. Man da inji ke ƙonawa kuma yana sauƙaƙa jirgi a hankali, shi ya sa jirgin Graf Zeppelin, wanda ya zagaya duniya a 1929, ya riƙa ƙona wani gas mai nauyi kusan ɗaya da iska. Dusar ƙanƙara ita ce muguwar: bayan jirgi mai tsawon mita 75 ya kai murabba'in mita 800, kuma dusar da za ta narke ta ba da ruwa milimita 1 kacal ta ɗora masa kilo 800.

Kwarin da ke tsakanin duwatsu yana da nasa hali. Da dare iska mai sanyi tana gangarowa ta kwanta a gindin kwari kamar ruwa a tafki. Jirgin da ya zo sauka da asuba yana taɓa wannan iska mai kauri sai ya ƙi nitsewa, ya tsaya yana lilo a sama, sai an sa inji an danna shi ko an ja shi da igiya. A ranar 25 ga Agusta, 1927, iska mai sanyi ta shigo ƙarƙashin wutsiyar jirgin balan-balan mai suna Los Angeles yana ɗaure a turkensa a Lakehurst, ta ɗaga shi har ya tsaya a kan hancinsa. Da rana kuma iska tana hawa gangaren dutse, bayan azahar ta rikice. Idan iska mai ƙarfi ta tsallako dutse, a ɓangaren da ta faɗa tana murɗawa tana dannowa ƙasa, jirgin balan-balan kuwa ba shi da saurin da zai tsere mata. Daga nan sauran dokokin: a tashi da sassafe, a kusanci dutse ta ɓangaren da iska ke bugowa, a tunkari mashiga a karkace domin a samu damar juyawa, turke kuma a kafa shi a filin da jirgi zai iya zagaya shi ko ta ina ba tare da wutsiya ta taɓa komai ba.

Dokokin ba da hanya ba sai an ƙirƙira ba, suna nan a ƙa'idojin hukumar sufurin sama ta duniya da aka kafa bisa yarjejeniyar Shikago ta 1944. Jirgi mai fukafuki da inji yana kauce wa jirgin balan-balan, shi kuma yana kauce wa jirgi marar inji da balan-balan zalla. Idan aka yi gaba da gaba, kowa ya karkata dama. A kan gari ba a yin ƙasa da mita 300 daga abu mafi tsawo da ke kusa, mai tafiya da na'ura cikin gajimare a yankin tsaunuka kuwa sai ya bar mita 600. Jar fitila a hagu, koriya a dama, fara a wutsiya.

Yanzu ga asirin. Tarihi ya riga ya ba da misalin da ya fi ƙirƙira. Ranar 16 ga Agusta, 1942, jirgin balan-balan mai lamba L-8 na sojan ruwan Amurka ya tashi daga San Faransisko da mutum biyu, Ernest Cody da Charles Adams, domin sintirin neman jiragen ƙarƙashin teku. Sun aiko da saƙo cewa za su duba wani mai da suka gani a kan ruwa. Bayan wasu sa'o'i jirgin ya dawo tudu a lanƙwashe, ya sauka a kan titi a garin Daly City. Ƙofa a buɗe, laimar sauka tana wurinta, rediyo lafiya lau, mutanen babu su, kuma har yau ba a gan su ba. A lura da yadda jirgin da kansa ya ba da shaida. Lanƙwashewar ta dace da jirgin da ya rasa nauyin mutum biyu, ya haura iyakarsa, ya zubar da hiliyom. Da ya bugi gaɓar teku bam ɗaya ya suɓuce, ya sake yin sauƙi, ya sake tashi.

Abin da mai binciken labarinku zai riƙe ke nan: littafin awo. A ce jirgi ya tashi daidai wa daida, ya ƙone mai kilo 150, bai zubar da ruwa ba, bai zubar da hiliyom ba, zafin rana bai canja ba. Ya kamata ya iso da sauƙin kilo 150. Idan masu kama igiya suka ji sauƙin ya kai kilo 220, to, akwai kilo 70 da ya bar jirgin a hanya, kuma wani a ciki ya san ko mene ne, ko wane ne.

Abubuwan da mutanen gari za su rantse sun gani ma suna da tushe. Gajimaren da ke haɗuwa a kan ƙololuwa idan iska na tsallakawa yana da siffar ganga mai santsi, kuma yakan yi sa'o'i a wuri guda duk da iska na kaɗawa, da magariba sai a ce jirgin fatalwa ne. A daren da sanyi ya kwanta a kwari, ƙarar inji tana tafiya nesa ƙwarai, a ji ta kamar a bayan ɗaki alhali jirgin yana can wani kwarin. Shuɗin hasken da ke bayyana a kan tsinin turke gabanin tsawa kuwa lantarkin iska ne da matuƙan jirgin ruwa suka daɗe da sani, suna kiransa wutar Sant Elmo. Idan jiragen garin haidurojin ake zuba musu, mai gadin turke yana ganin wannan haske zai buga ƙararrawa ya hana kowane jirgi sauka, domin jirgin da ya buɗe bawul a irin wannan lokaci yana iya kamawa da wuta.

Wassalam.

Daga wasu masu nazarin harkar sufurin sama