Ciwon bayan da ya wuce wata uku: akwai mafita banda tramol

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana kan ciwon baya da na ƙugu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wanda ke addabar 'yan acaɓa da manoman auduga da mata masu dakon ruwa a nan Garwa har zuwa Marwa.

Ciwon da ya haura wata 3 daban yake da na sabon rauni. Sau da yawa wurin ya riga ya warke, amma jijiyoyi da ƙwaƙwalwa sun saba kai ƙara, ɗan sunkuyo kaɗan sai mutum ya ji kamar an soka masa wuƙa. Ciwon gaskiya ne, don Allah a daina ce wa mai shi yana raki. Tsoro da damuwa da rashin barci su ne ke rura shi. A Kolorado ta Amurka an gwada mutum 151 masu irin wannan ciwo, aka fitar da sakamako a 2021: cikin waɗanda aka koya wa daina tsoron ciwon na sati 4, kashi 66 cikin 100 sun rabu da shi ko ya kusa gushewa, su kuwa masu jinyar da aka saba kashi 10 kacal.

Kafin komai, likita ya duba. Zazzaɓi da rama da gumin dare na iya nuna tarin fuka ya kama ƙashin baya. Ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan asibiti ne a ranar. Mai sikila ma nasa daban ne.

Idan an ce babu haɗari, a fara da auna tafiya. Kwana 3 a jere mutum ya duba minti nawa yake yi kafin ciwon ya taso. In minti 10 ne, ya fara da 8 kullum, ranar daɗi da ranar wuya duka ɗaya, sannan ya ƙara minti ɗaya kowane sati. A zafin Garwa, bayan Asuba ya fi. Inda aka fi faɗuwa shi ne ranar da jiki ya yi sauƙi: mutum ya kwashe aikin sati guda ya yi a yini ɗaya, ya kwanta kwana uku, ya ce motsi ne ya kashe shi. Dogon kwanciya kuwa sai ta sangartar da tsoka, ta ƙara tsoro.

Sai numfashi. A shaƙa ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar a hankali ana ƙirga shida, minti 10 safe da dare. Ciki ne zai tashi, kafaɗu su zauna inda suke. Wanda jiri ya kama, iska yake ja da yawa, ya sassauta. Mai ciwon yana cikin wannan numfashi sai ya kai hankalinsa wurin ciwon, ya lura zafi ne ko ɗaurewa ko tsikari, yana tuna wa kansa an duba, bayansa bai karye ba. Dattijon da ya koma salla a zaune don tsoron ruku'u, ya fara da dafa hannu a cinya, ya ɗan karkata, ya koma tsaye, sau 5, kullum yana ƙara kaɗan har hannun ya sauka gwiwa.

Tramol ne ya fi damunmu. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta ba da shawarar a guji tramol da ire-irensa, wato magungunan kashe zafi masu sa maye, ga daɗaɗɗen ciwon baya, haka ma ɗamarar ƙugu da ake yini da ita. Jiki yana sabawa da tramol, a yi ta ƙara ƙwaya, kuma wuce miligiram 400 a rana na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko mutum yana kan babur. Wanda ya riga ya kamu kada ya yanke lokaci guda, ya je likita ya tsara masa ragewa sannu a hankali. Diklofenak, maganin ciwon jiki da ake sha da ƙishirwa a tsakar rana, shi ma yana cin ciki da ƙoda.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Garwa, Kamaru