Dhoom 2 Ya Fi Na Farko Ado, Amma Bai Kai Shi Labari Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman ka ba ni fili in mayar da martani ga sharhin da ya fito a shafinku na nishaɗi, inda marubucin ya sanya fim ɗin Indiya Dhoom 2 a sahun fina-finan da kashi na biyunsu ya fi na farko ta kowace fuska. Na yarda da shi a kan kasuwar da fim ɗin ya yi da kuma kyan hotonsa, amma ban yarda da shi a kan labari ba, alhali a fim ɗin da aka gina a kan sata da farautar ɓarawo, labarin ne ya kamata a fara aunawa.

Fina-finan biyu daga gida ɗaya suka fito. Kamfanin Yash Raj Films ne ya shirya su, Aditya Chopra ne furodusa, Sanjay Gadhvi kuma, wanda ya mutu a 2023, shi ya ba da umarni a dukansu. Na farko ya fito a watan Agusta na 2004, na biyu a watan Nuwamba na 2006, kuma Abhishek Bachchan da Uday Chopra sun dawo a na biyun a matsayinsu na Jai, jami'in ɗan sanda, da abokin aikinsa Ali. Tunda hannu ɗaya ne ya yi aikin, bambancin da ke tsakaninsu zaɓi ne da masu fim ɗin suka yi da gangan, don haka ya halatta a tuhume su a kansa.

Ƙarfin Dhoom na farko yana cikin sauƙinsa. Wasu samari ne a birnin Mumbai suke aiki a shagon sayar da fiza domin ɓad da sawu, su kuma riƙa fashi a kan babura masu tsananin gudu, su ɓace a babban titi kafin motocin 'yan sanda su taso. Matsalar da ke gaban Jai a fili take, wato ɓarayin sun fi shi gudu, shi ya sa ya nemo Ali, bakaniken babura mai surutu wanda ya san wannan harka ciki da waje. Kabir, shugaban gungun, wanda John Abraham ya fito a matsayinsa a kan babur ɗin Suzuki Hayabusa, mutum ne mai sanyin murya da girman kai, kuma fim ɗin bai taɓa roƙon mai kallo ya ji tausayinsa ba. Da aka harbe ɗaya daga cikin yaransa, sai Jai da Ali suka yi faɗan ƙarya a bainar jama'a, Kabir ya ɗauki Ali ya cike gurbin da shi, ya tafi da shi fashin gidan caca a Goa a daren sabuwar shekara, bai san ya saka ɗan leƙen asiri a tsakiyar gungunsa ba. A nan ɗan sanda ya yi tunani, tunaninsa ya yi aiki, ɓarawo kuma da ya ga an rutsa da shi ya zaɓi ya faɗa teku da babur ɗinsa daga kan dutse maimakon a sa masa ankwa. Kowane ɓangare ya yi asarar wani abu kafin a kai ƙarshe.

Ba zan tauye wa Dhoom 2 haƙƙinsa ba. An kashe masa kuɗin da ya kai kusan ninki uku na na farko, an ɗauki hotonsa a hamadar Namibiya da birnin Rio de Janeiro na Brazil, shi ne fim ɗin Indiya da ya fi kowanne samun kuɗi a 2006, kuma Hrithik Roshan ya ci kyautar Filmfare ta gwarzon jarumi da rawar da ya taka a matsayin Aryan, ɓarawon da ake kira Mista A. Rawarsa a waƙar buɗe fim ɗin ma kaɗai ta isa a sayi tikiti. Sai dai, kamar yadda Bahaushe ke cewa, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A duba sace-sacen da kansu. A farkon fim ɗin, Aryan ya diro da lema a kan jirgin ƙasa a tsakiyar hamada, ya yi shigar Sarauniyar da ke cikin jirgin, ya wuce masu gadi, ya ɗauke kambun sarauta, sannan ya tsere yana sulu a kan rairayi. Abin yana da daɗin kallo, amma babu wanda ya nuna mana yadda ƙato mai faɗin ƙirji ya koma tsohuwa har masu tsaronta na kusa suka kasa ganewa. A gidan adana kayan tarihi na Mumbai, ya shafe jikinsa da farin fenti ya saje da mutum-mutumin da ke jikin bango, ya tura wata 'yar na'ura ta ɗauko masa lu'ulu'u a tsakiyar masu gadin da babu ɗayansu da ya kalli ƙasa. Daɗin fim ɗin sata shi ne a nuna wa mai kallo ƙofar da ba ta buɗuwa, a nuna masa shirin da aka yi mata, sannan wani abu ya karkace a tsakiyar aiki, ya ga yadda ɓarawo zai fidda kansa. Aryan ba ya shiri a gabanmu, ba ya kuskure, ba ya tsoro. Wanda aka tabbatar ba za a kama shi ba, babu dalilin da zai sa gaban mai kallo ya faɗi dominsa.

Babbar asarar kuwa a ɓangaren 'yan sanda take. Mu da muka tashi da kallon fina-finan Indiya, tun daga zamanin silima har zuwa na fassarar Hausa, mun saba da rabon aiki tsakanin jarumi da bos, kuma ba laifi ba ne a rikita wannan rabo idan an yi shi da basira. Abin da Dhoom 2 ya yi shi ne ya mayar da bos jarumi, ya ba shi waƙoƙi da soyayya da tufafi masu kyau, ya bar jarumin asali yana biye da shi yana yi mana bayanin irin gwanintarsa. Jai ya gano cewa wuraren da Aryan ke sata suna zana harafin A a kan taswirar duniya, amma ganowar ba ta hana sata ko ɗaya ba. Dabarar da ya yi amfani da ita ma tsohuwa ce, domin ya sake tura ɗan leƙen asiri, a wannan karon Sunehri, ƙaramar ɓarauniyar da Aishwarya Rai ta fito a matsayinta. A fim na farko wanda aka tura ya riƙe amana, tarko ya kama. A na biyu wadda aka tura ta kamu da son wanda aka tura ta ta kama, kuma tun daga wannan lokaci fim ɗin ya bar zancen sata ya koma na masoya biyu, har satar tsofaffin sulallan da aka je Brazil dominta ta zama kamar cike gurbi.

Sauran 'yan wasan ma sun sha wannan rashin kulawa. Bipasha Basu ta fara a matsayin Shonali, jami'ar 'yan sanda mai kaifin basira, sai kawai aka ajiye ta a rabin fim, aka kawo tagwaiyarta Monali a bakin tekun Rio domin Ali ya samu abokiyar barkwanci. Baburan da suka yi wa fim na farko suna kuwa sai can wajen ƙarshe suka samu fili na kirki.

Ƙarshen labarin shi ya fi ba ni takaici. Sunehri ta harbi Aryan ya faɗa ruwa, aka ɗauka ya mutu, bayan wata shida Jai ya same su tare a tsibirin Fiji suna gudanar da gidan abinci, ya karɓi bayanin inda aka ɓoye kayan satar, ya gargaɗe su, ya juya ya tafi. Jami'in da a 2004 ya kori Kabir har bakin dutse shi ne yanzu yake yafe wa ɓarawon da ƙasashe ke nema saboda ya ga soyayya ta gyara shi. Wannan hukunci ya yi wa masoyan Hrithik daɗi, amma ya rushe halin da aka gina wa Jai tun farko.

Illar wannan zaɓi ta fito sarai a Dhoom 3 na 2013, wanda Vijay Krishna Acharya ya ba da umarni, Aamir Khan kuma ya fito a matsayin ɓarawon da ke addabar wani banki a birnin Chicago. A can ba a ma nuna yadda ake shiga bankin ba. Sai dai mai kallo ya ga kuɗi suna zubowa daga saman bene, ɓarawo ya hau babur ya gudu, Jai da Ali suna biye da shi a baya.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Fagge, Kano.